Sabar da ta nuna ja ita ce mai gaskiya

Akwai wani abu da ya faru dani a wurin aiki wanda har yau in na tuna sai naji wani iri a raina, kuma shine ya canza min yadda nake kallon aikin duba sabobi gaba ɗaya, wato manyan kwamfutocin nan da ake ɗora ayyukan kamfani a kansu, to nace bari dai in zauna in rubuta shi yadda ya faru ko Allah zai sa wani ya amfana, musamman ƙannenmu da suke shigowa harkar yanzu ana miƙa musu makullin vCenter tun basu gama sanin inda wuta take ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba, a data senta ta yanzu ba a ɗora aiki ɗaya akan ƙarfe ɗaya kamar da. Saba ɗaya ta ƙarfe zaka ga tana goye da kwamfutoci talatin ko arba'in a cikinta, waɗanda babu su a zahiri sai a manhaja, sune muke cewa VM. Mu ESXi muke amfani dashi akan ƙarfen, wato manhajar VMware da take goyon VM ɗin, vCenter kuma shine manhajar da ke sama yana kula da sabobin duka. Sai a haɗa sabobin su zama kulasta ɗaya, yadda VM zai iya tashi daga wannan sabar ya koma waccan yana kunne, mai amfani dashi ko sani ba zai yi ba, wannan shine vMotion. To kaga tunda VM baya da gida ɗaya, yau yana nan gobe yana can, dole duk sabobin su zama iri ɗaya sak, saitinsu ɗaya, facinsu ɗaya (faci shine gyaran da ake fitarwa don toshe ramin manhaja), agogonsu ɗaya, ƙofofin da aka rufe anan an rufe su acan. Asalin maganar komfulayans kenan, wato ka ajiye ma'auni ɗaya kace kowace saba haka zata kasance, sannan ka dinga auna su dashi kana gyara wadda ta kauce.

Mu a lokacin Host Profiles muke amfani dashi, wanda tun vSphere 4 a 2009 yake nan (vSphere shine sunan ESXi da vCenter in an haɗa su). Yadda yake aiki shine ka zaɓi saba ɗaya da ka yarda da ita, ka gyara ta tsaf, sai ka kwafi saitinta gaba ɗaya ya zama furofayil, ka liƙa shi akan kulastar. Daga nan duk lokacin da kace a duba, kowace saba zata nuna maka ɗaya cikin uku, ko kore tana daidai, ko ja ta kauce, ko kuma ya ce maka bai sani ba. In ja ce akwai maɓallin gyara da muke cewa rimidiyet, kana dannawa zai mayar da ita yadda furofayil yace.

Sabobi takwas ne a kulastar da nake magana. Wata ranar ana saura kwana biyu masu odit, wato masu zuwa binciken ko muna bin ƙa'ida, su zo, na buɗe na duba, bakwai kore ɗaya ja. Na danna na ga abinda ya bambanta, layi ɗaya ne tak, Syslog.global.logHost, wato adireshin da saba take tura log ɗinta, rubutaccen tarihin duk abinda yake faruwa a cikinta. Bakwai suna da adireshi ɗaya, ita ta takwas tana da wani daban. Ni a zuciyata nace wani ne ya taɓa ya manta, dama an saba. Ban tambayi kowa ba, ban buɗe tikiti, inda muke rubuta duk aikin da aka yi, na duba ba, ban ma tsaya na kalli adireshin da kyau ba, kawai na danna rimidiyet, cikin ɗan lokaci ta koma kore, takwas cif, na ɗauki hoton allon na saka a rahoto, masu odit suka zo suka gani suka wuce, kowa ya ji daɗi.

Bayan kamar sati biyar wata saba a cikinsu ta faɗi da tsakar dare, allon nan mai ruwan shunayya da duk mai aiki da ESXi ya sani kuma baya son gani. HA, tsarin da yake tayar da VM a wata sabar in tasu ta faɗi, yayi aikinsa, VM ɗin da ke kanta suka tashi akan sauran, ba a yi wata asara babba ba alhamdulillah. Da safe aka ce mu nemo dalili. Sabobin nan daga katin SD suke tashi kuma ba a ware musu wurin ajiye log na dindindin ba, log ɗinsu yana zaune ne a memori, da an yi ristat ya tafi, shi yasa gaba ɗaya dogaronmu yana kan sabar log ta tsakiya. Na buɗe ta na nemi sunan sabar da ta faɗi, babu komai. Na nemi ta biyu, babu. Ta uku, babu. Na dinga bi ɗaya bayan ɗaya gabana yana faɗuwa, har na zo kan ta takwas, sai ga log ɗinta nan jere, amma ya tsaya cak a wata rana da wani lokaci, ina kallon ranar na gane ta, ranar da na danna rimidiyet ce.

Ina zaune na kasa magana sai ƙanin nan namu da bai fi shekara da zuwa ba ya leƙo allon, yace "Oga, ai ni na canza ta takwas ɗin, lokacin da aka tashi tsohuwar sabar log aka koma sabuwa. Na gwada akan guda ɗaya ne in ga ko yana shiga, ya shiga, na rubuta a tikiti cewa a sabunta furofayil sai aka tura ni wani aikin." Nace masa ƙanina kai ka yi naka daidai, laifin nawa ne, ni ne ban karanta ba. Na buɗe tikitin, gashi nan kuwa a rubuce, har da adireshin sabuwar sabar da ranar da aka kashe tsohuwar. Wato watanni ana tafiya sabobi bakwai suna jefa log ɗinsu a rijiyar da babu kowa, kuma babu wadda tayi ƙorafi saboda ta UDP suke turawa a ƙofa ta 514, shi kuwa UDP baya jiran a ce masa an karɓa, ya jefa ya wuce abinsa. Guda ɗaya da take kan hanya, ni da hannuna na dawo da ita cikin ɓatattun, sannan na ɗauki hoto na nuna wa mutane cewa komai kore ne.

Abin da na fahimta a ranar, wanda da ace wani ya zaunar dani ya faɗa min tun farko da na gode masa, shine kore ba yana nufin saba tana lafiya bane. Kore yana nufin tayi kama da ma'aunin da ka ajiye, shikenan. In ma'aunin ya tsufa ko dama can da kuskure a cikinsa, to kuskuren ne zaka raba wa kowa daidai wa daida, kuma allon zai ta nuna maka kore kana murna. Ita kuma ja ba umarni bace cewa ka gyara, tambaya ce take yi maka, me yasa wannan ta bambanta da sauran? Ruwa baya tsami banza. Saiti baya canza kansa, ko mutum ne ya taɓa, ko wani ofdet ne ya zo da sabon abu, ko an canza wani ɓangare na ƙarfen, ko wata manhaja ta bakof ko ta sa ido ce ta shiga ta buɗe wa kanta ƙofa. Sai ka san wanne ne kafin ka san ko sabar zaka gyara ko ma'aunin.

Tun daga nan duk ja da na gani sai na fara da tambayar wa ya taɓa, yaushe, don me. vCenter yana ajiye tarihin ayyuka da abubuwan da suka faru akan kowace saba, da sunan akawun ɗin da yayi, to nan nake fara dubawa, sannan tikiti, sannan in ɗaga kai in tambayi mutanen da muke zaune ɗaki ɗaya, wanda wallahi shine mafi sauƙi kuma shine aka fi mantawa dashi. Kuma anan ne zaka gane illar kowa ya dinga shiga da root, wato babban akawun ɗin sabar mai iko da komai, domin in mutum biyar suna amfani da faswod ɗaya tarihin zai ce maka root ne yayi, to waye root? Shi yasa na dage sai da aka kunna lokdawun akan sabobin, kowa ya bi ta vCenter da akawun ɗinsa, faswod ɗin root kuma aka kulle shi sai ranar larura.

Wani abu kuma da na koya shine kada in yarda da saiti don kawai na ganshi a rubuce, sai na ga aikinsa da idona, gani ya kori ji. Maganar log ɗin nan misali, akwai umarni ɗan ƙarami, esxcli system syslog mark, da zaka tura saƙon gwaji daga sabar, sai ka je can sabar log ɗin ka nemi saƙon. In ka ganshi to magana ta ƙare, in baka ganshi ba ko adireshin daidai ne akwai matsala, wataƙila fayawol ɗin ESXi ɗin ne ba a buɗe masa hanyar syslog ba, wanda yana faruwa sosai. Haka agogo. Zaka ga an rubuta adireshin NTP, wato inda saba take daidaita agogonta, daidai amma sabis ɗin a kashe yake ko ba a sa shi ya dinga tashi da sabar ba, agogo yayi ta zamewa a hankali, kuma Kerberos, mai tantance masu shiga, in bambancin ya wuce minti 5 a yadda yake zuwa zai ƙi ka, sai kaga mutane sun kasa shiga ana ta neman dalili a wani wuri daban. Ko ba wannan ba, ranar da zaka haɗa log na sabobi uku ka gano me ya fara faruwa, in agogonsu ba ɗaya bane aikin banza kake.

MTU, wato iyakar girman fakitin bayanai da hanyar netwok take ɗauka, ma haka, shi ya ma fi wahalar da mutum domin rabi yana aiki rabi baya yi. Ka saka 9000 akan sabar saboda hanyar sitorej ko ta vMotion, furofayil yace kore, amma suwic ɗin ƙarfe da ke tsakani wani fot ɗinsa yana kan 1500, furofayil kuwa bai san da zaman suwic ba, iyakarsa sabar. Ƙananan fakiti zasu wuce lafiya, ping zai amsa, sai an zo kwashe VM mai nauyi abu ya tsaya. Ni yanzu bayan kowane gyara da ya shafi netwok sai nayi vmkping da -d da -s 8972, wato 9000 an cire 28 na kan fakitin, kuma an hana a farfasa shi a hanya. In ya wuce to hanyar a buɗe take tun daga nan har can.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar ja ta zauna ne ana ta bincike ba a gyarawa, a'a, wannan ma wata musibar ce kuma ita tafi kashe mutane. Duk wanda yake harkar nan a watan Fabrairun 2023 ya tuna ESXiArgs, lokacin da aka wayi gari dubban sabobin ESXi a duniya an kulle fayilolin VM ɗinsu ana neman kuɗin fansa, Faransa na cikin inda abin yafi tsanani. Ramin da hukumar tsaron intanet ta Faransa ta nuna a lokacin shine CVE-2021-21974, a cikin sabis ɗin SLP mai sauraro a ƙofa ta 427, kuma facinsa ya fito tun Fabrairun 2021. Shekara biyu cur faci yana nan a ajiye. Sabobin da aka ci yawanci tsofaffi ne da ba a yi musu faci ba kuma an bar su a buɗe ga intanet kai tsaye. A daren da labarin ya bazu ni dai ban yi barci ba sai da na bi sabobinmu kaf na tabbatar SLP a kashe yake, duk da namu basa fuskantar intanet, in kaga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Daga ESXi 7.0 U2c zuwa sama sabon girki yana zuwa da sabis ɗin a kashe, amma ni ban dogara da wannan ba, na saka shi cikin abubuwan da ake aunawa kullum.

To kaga abu biyu ne suke jan mutum, gaggawar danna gyara ba tare da tunani ba, da kuma tsoron taɓawa har shekara ta zagayo. Abinda na gani yana raba gardamar shine mutum ya mayar da gyaran abin yau da kullum, ƙarami ƙarami, yadda ba zai zama wani babban taro da ake jin tsoronsa ba. Kulastar da ake mata faci duk wata bata bada wahala. Wadda aka bari wata goma sha takwas ita ce ranar da ka taɓa ta komai zai zubo maka a ka, direba bai dace da famwayar katin netwok ba, sigar da kake son hawa bata karɓar tsohon CPU, satifiket ya ƙare, ga manhajar bakof bata san sabuwar sigar ba.

Shi gyaran kansa akwai yadda nake bi yanzu, ba wai don haka aka rubuta a wani wuri ba sai don kowane mataki akwai ranar da na sha wuya akansa. Kafin komai ina lissafin ko kulastar zata iya ɗaukar nauyi in an cire saba ɗaya, domin yawancin gyara sai saba ta shiga yanayin mentinans, wato a kwashe duk VM ɗin da ke kanta a raba wa sauran. Lissafin ba wuya. Sabobi takwas kowace tana cin kashi 80 na memorinta, ka cire ɗaya sauran bakwai zasu koma wajen kashi 91, da ƙyar amma za a sha. Amma in huɗu ne a kashi 80 ɗin, ka cire ɗaya, ukun da suka rage ana neman kashi 107 a wurinsu, babu inda za a zuba, ko dai mentinans ɗin ya ƙi shiga ko VM su fara jan ƙafa mutane su fara kira. Kuma wannan lissafin bai ma haɗa da cewa wata sabar zata iya faɗuwa a daidai lokacin da ka fitar da ɗaya ba.

Sannan sai in ɗauki bakof na saitin sabar, da PowerCLI abu ne na layi ɗaya, Get-VMHostFirmware da -BackupConfiguration, amma a tuna ba a mayar dashi sai akan siga iri ɗaya da wadda aka ɗauke shi. In ɗaga siga za a yi, vCenter ake fara ɗagawa kafin ESXi, ba a juya wannan. Sai in zaɓi saba ɗaya, wadda tafi ƙarancin kaya masu muhimmanci, ita ce zakaran gwajin dafi, in gyara ta, in dawo da ita, in tura mata VM biyu uku marasa nauyi, in barta ta kwana. Wannan kwanan da nake bari ana yawan yi min ƙorafi akai, ana cewa ai tunda ta tashi lafiya a ci gaba mana, amma akwai matsalolin da basa fitowa sai dare yayi bakof ya fara gudu, ko sai da safe mutane sun shigo aiki nauyi ya hau. In sabuwar sigar ta ƙi, ESXi yana ajiye wadda ta gabata a gefe, lokacin da yake tashi ka danna Shift da R ka koma, amma mataki ɗaya kawai yake komawa baya, in ka yi faci biyu a jere ka rufe wa kanka wannan ƙofar.

Shiga mentinans ɗin ma wani lokaci sai kaga ya tsaya ya ƙi gaba ya ƙi baya, kana kallon VM ɗaya ya rage ya ƙi tashi. Na taɓa zama kusan awa guda akan irin wannan da daddare, ashe wani ne ya liƙa wa VM ɗin fayil ɗin ISO da yake zaune a diskin wannan sabar kaɗai, tun ranar da ya girka shi bai cire ba, to vMotion ba zai kai shi inda ba a ganin fayil ɗin ba. Wani lokacin kuma doka ce aka sa wa DRS, mai raba VM tsakanin sabobi, cewa wannan VM lallai sai akan wannan sabar, ko an haɗa shi kai tsaye da wani kati na ƙarfen. Yanzu tun da rana nake bi in duba waɗannan kafin dare yayi. Masu vSAN kuma, wato waɗanda suka haɗa diskin sabobin ya zama sitorej ɗaya, nasu da ƙari, domin diskin sabar da ka fitar wani ɓangare ne na sitorej ɗin kowa, kuma a yadda yake zuwa in ta wuce minti 60 bata dawo ba zai fara sake gina bayanan a wani wuri, in kuma ka yi gaggawar fitar da ta biyu kafin ya gama daidaitawa to kana wasa da bayanan mutane.

Kayan aikin sun canza sosai tun lokacin da abin nan ya faru dani. Da Update Manager muke yin faci da abinda ake cewa beslayin, daga vSphere 7 a 2020 aka kawo Lifecycle Manager inda zaka ce ga hoto ɗaya na kulasta gaba ɗaya, sigar ESXi da direbobin kamfanin ƙarfen har da famwaya in kana da abin haɗawa, duk sabar da ta ƙara ko ta rage wani abu akan hoton zata nuna. A vSphere 8 kuma aka kawo Configuration Profiles, saitin kulasta ya koma fayil ɗin JSON guda ɗaya, wanda ni a ganina shine ci gaba mafi amfani, domin fayil ne da mutum zai iya buɗewa ya karanta, ya ajiye a Git, ya ga wa ya canza wane layi a wace rana. Masu Hyper-V suma suna da nasu a System Center VMM, su auna, su gyara, su keɓe wadda suke so su keɓe. Amma duk wanda ka ɗauka a cikinsu tambaya ɗaya yake amsawa, shin sabar tayi kama da abinda ka ce? Ko abinda ka ce ɗin daidai ne, wannan babu manhajar da zata amsa maka.

Shi yasa ma'aunin kansa muka sa masa ranar dubawa, duk wata uku muna zama mu uku mu karanta shi layi layi, kowane adireshi da ke ciki sai an tabbatar mai shi yana raye, DNS, NTP, syslog, duka. Muna ɗora shi kusa da CIS Benchmark, jerin shawarwarin saitin tsaro, na sigar da muke kai da kuma jagorar tsaro ta vSphere mu ga inda muka bambanta, ba don mu kwafe komai ido rufe ba, akwai abinda in ka kunna zai karya maka wani aiki, sai dai duk inda muka bar shawararsu mu san mun bari kuma mu san dalili. Wanda yake riƙe da bayanan katin banki shi ba ma zaɓi gareshi ba, PCI DSS ta ce faci mai tsanani a saka shi cikin wata ɗaya da fitowarsa, log kuma a ajiye na wata 12 tare da na wata 3 na baya bayan nan a kusa yadda za a iya buɗewa nan take. Ka duba wannan sharaɗin ka tuna sabobina bakwai da suke jefa log a inda babu kowa, allo yana kore.

Akwai kuma jan da ba za a iya gyarawa yanzu ba, wannan gaskiya ce da duk mai aikin ya sani. Wata sabar tana ɗauke da tsohuwar manhajar da in ka ɗaga siga zata mutu, wata tana jiran a canza mata kati. Abinda bana yarda dashi shine a cire ta daga awo don allo yayi kyau, ko a barta ja har ido ya saba, domin ranar da ido ya saba da ja ɗaya to ta biyu ma in ta fito ba wanda zai kula. Muna rubuta ta ne a matsayin keɓewa, da dalili, da sunan wanda ya ɗauki nauyi, da abinda aka yi na rage haɗarin kafin nan, da ranar da keɓewar zata ƙare. Ranar ƙarewar nan ita ce ran abin, in babu ita keɓewar wata biyu sai ta shekara huɗu. Ita kuma wadda take nuna ba a sani ba, ni na fi tsoronta akan ja, domin ja ko ba komai an auna ta, wannan kuwa ba a ma samu an auna ba, ko ta yanke da vCenter ko ba a cike mata bayananta na kanta ba irin su adireshin IP, kuma a rahoto sau da yawa sai a ƙirga kore a ƙirga ja a tsallake ta.

Duk wannan maganar ƙarfen ƙasa ce, su VM ɗin da ke sama nasu daban ne kuma sun fi saurin zamewa. VM da aka kashe wata shida baya karɓar faci, ranar da aka kunna shi ya dawo da duk ramukan wata shidan. Wanda aka mayar baya ta sinafshot, wato hoton yanayin VM da aka ɗauka a wani lokaci, shima haka, facin da aka yi bayan ɗaukar sinafshot ɗin ya tafi, allon faci kuma wataƙila sai an sake aunawa zai gane. Dama shawarar da aka bayar ita ce kada sinafshot ya wuce awa 72, amma ka bincika kulastarka yau zaka iya samun mai shekara. Sai tamfulet da ake haifar sabbin VM daga gareshi, in ya tsufa duk abinda ya haifa da tsufansa yake zuwa, don haka shima muna kunna shi duk wata mu yi masa faci mu mayar.

Ƙanin nan nawa yanzu shi yake riƙe da awon safe, wani ɗan sikirif ne yake gudu kafin mu shigo ya turo mana abinda ya kauce cikin dare. Satin da ya wuce ya same ni yace "Oga, ta uku ta nuna ja, SSH, ƙofar shiga sabar daga nesa, a kunne, na duba tarihi akawun ɗin masu sitorej ne suka kunna jiya da yamma, na kira su sunce basu gama ba sai gobe, in barta?" Nace barta, ka rubuta a tikiti ka sa gobe ƙarfe huɗu. Washegari ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na duba, ya kira su sun tabbatar sun gama, ya kashe SSH ɗin, ya sake aunawa, sannan ya tura saƙon gwaji zuwa sabar log ya liƙa hoton isarsa a ƙasan tikitin kafin ya rufe.